Layinmu Ɗaya, Kwatarmu Ɗaya

Jawabin da kwamitin kula da unguwa ya gabatar a bikin cikar ƙungiya shekara goma. Mun buga shi yadda aka faɗe shi, saboda 'yan'uwan da ba su sami halarta ba.



Uwar ƙungiya, Hajiya Shugaba da mataimakanta, Mai Unguwa da dattawan da suka rako shi, malamanmu na masallaci da na coci, iyayenmu mata, mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo suka zauna mana, da 'ya'yanmu ɗalibai da muke hangowa can bayan rumfa, barkanku da zuwa, sannunku da zama. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ma'aji ta riga ta karanta lissafi, kun ji da kunnenku, alhamdu lillahi ba mu ci baya ba. To mu 'yan kwamitin unguwa ba lissafin kuɗi muka kawo ba. An ce mu yi magana a kan zamanmu a Samaru: ruwan da muke sha, kwatar da ke ƙofar gidajenmu, shara, wuta, da yadda muke zaune da 'ya'yan mutane da karatu ya kawo cikinmu. A ƙarshe akwai roƙon da za mu yi, kuma roƙon ya taɓa aljihu. Gara mu faɗa tun yanzu, kada a ce mun yi muku shigo-shigo ba zurfi.

Bari mu fara da inda muke zaune. Samaru ba irin sauran sassan Zariya ba ce. Birni yana da ganuwarsa da fadarsa. Sabon Gari jirgin ƙasa da kasuwa ne suka raya shi. Mu kuwa makaranta ce ta raya mu. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a nan, wadda ta zama cibiyar IAR ta yau, sannan a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan ma'aikata da leburori da masu abinci da 'yan tireda suka yi ta zuwa suna kafa gida daura da makaranta. Hayin Dogo, Ɗanraka, Zango, Palladan, Bomo, duk sun cika sun batse ne saboda ita. Ku duba rumfar nan kawai. Akwai wadda iyayenta suka zo daga Katsina, akwai ta Filato, akwai ta Binuwai, akwai ta ƙasar Yarbawa, ga mu duka muna zubi a asusu ɗaya.

Kuma wa ke sayen kayanmu? Mai awara, mai ƙosai, mai zoɓo da kunun aya, mai kitso, mai ɗinki, mai wanki da guga, mai ɗakunan haya, kowace a cikinmu ta san amsar. Wadda ta manta, shekarar 2022 ta tuna mata. Malaman jami'a sun shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu, ba su janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur. Kun tuna yadda garin nan ya koma? Mai waina ta soya kwano ɗaya ya kai ta la'asar. Ɗakuna a kulle, babu mai sabunta haya. A shekarar ne ƙungiyar nan ta ɗaga wa mambobi biyan rance, abin da ba mu taɓa yi ba. Da yaran suka dawo, har guɗa wasunmu suka yi a bakin titi. To wannan guɗar muke so mu riƙe a zuciya yau, domin mun lura mun fara mantawa.

Idan aka zauna hira a tsakar gida aka kawo maganar ƙazantar unguwa, me muke cewa? 'Yan makaranta ne. Wuta ta yi tsada? 'Yan makaranta. Kwata ta toshe? Ai su ne da ledojinsu. Su ma in ka saurari tasu hirar, ka ji suna cewa masu gida ba abin da suka sani sai kuɗi. Kowa ya sami wanda zai ɗora wa, kwatar kuma tana nan a toshe.

Za mu ba ku labarin da da yawanku kun sani, amma ba kowa ya san ƙarshensa ba. A markar bara, cikin watan Agusta, aka kwana ana ruwa. Wajen ƙarfe biyun dare ruwa ya ƙi wucewa ta kwalbatin ƙasan layi, ya dawo da baya, ya shiga gidan wata 'yar'uwarmu. Ba za mu kama suna ba, tana nan zaune. Mace ce da mijinta ya rasu, tana riƙe da marayu da injin niƙan da ta saya da rancen ƙungiyar nan. Ruwa ya shanye buhunan masarar mutane da aka kawo mata niƙa, ya shiga injin. Su wa suka fara fitowa? Samarin nan 'yan haya na gidan da ke kallon nata, waɗanda kullum muke cewa ba su da tarbiyya. Da bokiti da tocilan ɗin waya suka yi ta kwalfar ruwa har asuba, suka ɗora yaranta a kan tebur, suka ɗaga injin a kan bulo. Ɗaya daga cikinsu ma yana da jarrabawa da safen nan.

Da gari ya waye aka taru aka yashe kwalbatin. Mu 'yan kwamiti muna tsaye a wurin, mun ga abin da ya fito. E, akwai ledar fiya-wata da ta indomi da robobin abinci. Amma jama'a, akwai toka. Akwai totuwar masara da dusa. Akwai kunzugun jarirai na zamani, tuli guda. Wane ɗalibi ne yake girki da itace, ko yake surfe? Ledojin ma da muka duba, na zoɓo ne da na awara, wato mu muka ƙulla muka sayar. Ranar kowa ya yi shiru. Har yau 'yar'uwarmu ba ta gama biyan masu masara ba, kuma gyaran injin ya cinye abin da ta tara na kuɗin makarantar yara.

Wannan shi ne abin da muka zo faɗa. Ruwan sama bai san mai gida ba, bai san ɗan haya ba. Gangara kawai ya sani. Abin da aka zuba a kwata a saman layi, a ɗakin wata a ƙasan layi zai kwana. Kuma ba ambaliya kaɗai ba. Ruwan da ya kwanta a ƙofar gida, cikin kwana goma zuwa sati biyu sauro ya gama ƙyanƙyasa ya tashi. Kuɗin da muke kai wa kemis na maganin zazzaɓi duk damina, da a ce mun tara shi wuri ɗaya, da ya sayi shebur da baro ya yi saura.

Mu zo kan ruwan sha. Kowa ya san famfo wata rana ya zo, wata rana a yi ta jira. Mafi yawanmu rijiya muka dogara da ita, ko burtsatsen maƙwabci, ko 'yan ga-ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai burtsatse da ke jan ruwa da janareta ya ƙara kuɗi, ɗan ga-ruwa ya ƙara, jarka mai lita 25 ta zama abin da ake lissafi kafin a saya. Sai mutane suka koma rijiya har da sha. A nan ne muke so a buɗe kunne sosai.

Masana lafiya sun ce a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya. To fulotin da muka saba da shi ƙafa 50 ne da 100, wato tsawonsa gaba ɗaya ke nan mita 30 ɗin. Ke nan in gida yana da masai da rijiya, da wuya tazarar ta cika. In ma kin kai masanki ƙarshen fuloti, kin kai shi ne bayan rijiyar maƙwabciyarki. Ga shi kuma da yawanmu, da rancen ƙungiyar nan ma, mun ƙara ɗakuna a bayan gida don haya. Gidan da aka gina don mutum goma, yanzu mutum talatin ke shiga bayi ɗaya. Masai yana saurin cika, sokawe yana tsiyaya, damina ta zo ruwan ƙasa ya taso ya haɗe su da rijiya. Ruwan yana iya fitowa garau a ido, amma ciwo na ciki.

Ba mu ce a rushe gida ba. Abin da muke iyawa shi ne mu ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti kewaye, a sa marufi. Guga ɗaya, a rataye shi, ba kowa ya zo da nasa ya ajiye a ƙasa ba. Ruwan sha a tafasa, ko a sa maganin tsabtace ruwa yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Masai ya kusa cika a kwashe tun kafin ruwa ya sauka, kuma a bi sawu a ga inda masu kwasar suka kai, kada su juye mana a rafi. In kuma Allah Ya kawo tsautsayi, amai da gudawa ya kama wani, yaro ko babba, ɗan gida ko ɗan haya, kada a jira gari ya waye. A haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato kusan leda biyu ta fiya-wata, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba shi yana kurɓa, ana hanyar asibiti. Wannan ciwo cikin sa'o'i yake kayar da mutum. Iyaye mata, ku koya wa 'yan hayarku wannan haɗin kamar yadda kuka koya wa 'ya'yanku.

Sai maganar wuta, wadda ta fi kowace raba mai gida da ɗan haya. Kwamitinmu ya sha zaman sulhu a kanta. Gida ɗaya, mita ɗaya, an sa kati yau, jibi ya ƙare. Hajiya ta ce yara ne, yara su ce firizar Hajiya ce ta ƙanƙara. Bari mu yi lissafin da ba ya buƙatar digiri. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi awa ɗari yana ci kafin ya sha yunit ɗaya. Hitar dafa ruwa, ko abin girki na lantarki mai wat 1,000, awa ɗaya tak ya shanye wannan yunit ɗin. Dutsen guga ma haka. Ke nan yarinyar da ke kwana karatu da fitila da cajin waya ba ita ce ke cinye katin ba. Wanda ke dafa wake a kan wuta shi ne. Firizar da ke aiki dare da rana ita ma tana da nata kason, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Raba kuɗin wuta kan-kan-kan, kowa daidai, zalunci ne ga wani. Gidajen da suka sa ƙaramar mita a kowane ɗaki, ko suka ware layin sana'a daban, faɗan ya mutu. Inda ba hali, a zauna a rubuta abin da kowane ɗaki ke amfani da shi, a raba bisa haka.

Akwai kuma abin da da yawanmu ba mu sani ba. Duk lokacin da taransifoma ta lalace, sai a bi gida-gida ana karɓar kuɗi, mu kuwa mu ba da, ko rasit babu. A ƙa'idar hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki, gyara ko sauya taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da wuta ba. Kuma akwai hanyar ƙorafi: a fara rubuta wa kamfanin takarda, a riƙe kwafi. In ba a biya buƙata ba, a ɗaukaka zuwa ofishin sauraron ƙorafi na hukumar. Mun san wani lokaci duhu kan ishi mutane su ce gara mu haɗa mu huta. To ko za a haɗa, a san wa ya karɓa, nawa aka tara, me aka saya, kuma takardar ƙorafin ta riga ta shiga. A nan ɗalibanmu suna da amfani ƙwarai. Yaron da ke karanta shari'a ko injiniya yana ɗakin bayanki, minti goma ya ishe shi ya rubuta takardar da za ta yi mana aiki. Ba mu taɓa tambayarsa ba ne kawai.

Wannan ya kawo mu kan hukuma. Wata za ta ce, to duk wannan ba aikin gwamnati ba ne? Gaskiyarki, 'yar'uwa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai kwashe shara, da gina magudanan ruwa da titunan cikin unguwa da kula da su, da bayan gida na jama'a, da kasuwanni, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ke nan in mun je sakatariya ba bara muka je ba, haƙƙi muka je nema. Amma mu tambayi kanmu, sau nawa muka je? Mukan ga kansila lokacin zaɓe, a raba atamfa da sabulu, a yi hoto, shi ke nan. Mace ɗaya in ta je ofis, a ce ta dawo gobe. Mata ashirin da anko, da takarda mai hatimin ƙungiya, da sa hannun Mai Unguwa, da hoton kwalbatin a waya, su ce a buga musu hatimin karɓa a kwafinsu, su kuma dawo bayan wata ɗaya su tambayi inda aka kwana, waɗannan ba a sallamar su da "gobe". Babbar kwalbati da motar kwashe bola sun fi ƙarfinmu, nasu ne, kuma za mu bi su. Amma ba shugaban ƙaramar hukuma ne ya zuba toka a kwatar ƙofar gidanmu ba.

Abu na ƙarshe kafin roƙo, shi ne dare. Wata 'yar'uwa ta ba mu labari a taron wata. 'Yar hayarta, yarinya daga kudu, ta faɗi cikin dare ba ta san inda kanta yake ba. Aka samo mai keke aka nufi asibiti. Ma'aikata suka tambayi cikakken sunanta, da ko tana da wani ciwo da aka sani, da lambar iyayenta. Wata bakwai yarinyar nan tana gidan, abin da uwar gida ta sani shi ne sunan da ƙawaye ke kiranta da shi da ranar da hayarta za ta ƙare. Wayar yarinyar a kulle. Allah Ya taimaka ta farfaɗo. Amma ku ɗauka 'yarki ce a Nsukka ko Ibadan, kina nan kina barci, ita tana hannun mutanen da ba su san sunanki ba. Da yawanmu muna da yara a makarantun wasu garuruwa. Abin da muke fata wata uwa ta yi musu can, shi ne bashin da ke kanmu a nan.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Haka ne, ɗalibi shekara huɗu ko biyar ya tafi. Amma a Samaru raɓar nan kullum safiya sai ta sauka. Wannan ya kwashe kayansa, satin nan wani ya shigo ɗakin. Shekara sittin da ɗoriya ke nan ana haka. Don haka kada mu ce bari mu haƙura su wuce. Ba za su wuce ba, kuma ba ma so su wuce. Tsarin zama ya kamata mu yi.

To ga roƙonmu, abu biyar ne.

Na farko, asusun layi. Muna roƙon a cikin kowace naira goma ta ribar da za a raba bana, a bar naira ɗaya. Da ita za a sayi shebur, manjagara, baro, safar hannu da takalman roba, a ajiye a gidan wakiliyar kowane layi, a kuma biya masu baro su kai abin da aka yaso bola a ranar, ba a tara shi a bakin kwata ruwa ya mayar ba. Yashe kwata sau biyu: a watan Afrilu kafin ruwan farko, da ƙarshen Yuli kafin marka. Ma'aji za ta riƙe littafinsa daban, a karanta a kowane taron wata.

Na biyu, takardar haya. Shafi ɗaya, da Hausa da Turanci. A rubuta kuɗin haya da ranar ƙarewa, yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa da na 'yan sintiri, wanda ke da alhakin kwashe masai da gyaran rufi, lokacin rufe ƙofa, da abin da za a yi in an shiga yajin aiki ko dogon hutu. Wannan na ƙarshen ya haddasa rigima mai yawa a 2022, kun sani. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Sakatariya ta riga ta shirya samfuri, kyauta ne ga mambobi.

Na uku, littafin gida. Cikakken sunan ɗan haya, sashen da yake karatu, lambar iyaye ko wani makusanci. Ba don leƙen asiri ba, ba don a kai ƙara ba. Don irin daren da muka ba ku labari. Su ma a ba su lambar uwar gida, da ta Mai Unguwa, da ta shugaban 'yan sintiri, da ta mai keken da za a iya tasa da dare.

Na huɗu, duk mai sana'ar da ke ƙulla kaya a leda ta rataya buhu a wurin sana'arta. Wanda ya ci a nan ya jefa a nan. Kuma toka da dusa da kunzugu, daga yau ba a kwata ba. Kada a ƙona leda a tsakar gida ma, hayaƙinta cuta ne ga ƙirjin yara.

Na biyar, kowane layi ya fitar da mata biyu da ɗalibi ɗaya, namiji ko mace. Su ne za su sa ranar aikin gayya, su fara sauraron ƙorafi kafin ya kai ga Mai Unguwa, su kuma raka mu sakatariya duk bayan wata uku.

Mun san abin da ke ran wasu, don an faɗa mana a bayan fage. Wata ta ce, ni na riga na gama lissafin ribata, kuɗin makarantar yara ne. Wallahi mun sani, mu ma haka ne, kuma ba za mu ce naira ɗaya cikin goma ba komai ba ce a wannan zamani. Abin da za mu ce kawai, a tambayi 'yar'uwarmu mai injin niƙa nawa dare ɗaya ya ci mata. Wata ta ce, ni gidana a kan tudu yake, ruwa ba ya shigo mini, kuma ba ni da 'yan haya. To Hajiya, ruwan gidanki ina yake gangarawa? Kuma in ta ƙasan layi ta kasa biyan rance, asusun da ya ragu na wa ne? Na dukanmu ne. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Wata kuma ta ce tana tsoron kuɗin ya bi ruwa, kamar yadda aka saba gani. Wannan tsoron halal ne. Shi ya sa muka ce littafi daban, rasit ga kowane shebur, kuma shekara ɗaya za a gwada. In an zo bikin baɗi ba ku ga bambanci a ƙofar gidajenku ba, ku soke shi, mu ne za mu fara ɗaga hannu.

Ba yau za a yanke ba. Yau ranar murna ce. A taron wata mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a, kowace ta je ta yi shawara da maigidanta da zuciyarta. Abin da rinjaye ya zaɓa shi za mu bi.

Iyayenmu maza, ga namu roƙon gare ku. Shebur ɗin nan ba mu kaɗai za mu riƙe ba. Ranar gayya a rage zaman majalisa na awa biyu. Kuma masu gidajen haya, a daina ƙara kuɗi a tsakiyar zangon karatu, a daina shiga ɗakin yaro ba sallama don gidanka ne. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, muna neman ka sa mana albarka, ka kuma sa mana hannu a takardunmu.

Ku kuma 'ya'yanmu na bayan rumfa, ku matso da kunne. Mun yabe ku, kuma kun cancanta. Amma kiɗan ƙarfe ɗayan dare, akwai tsoho mai hawan jini a bayan bangon nan, akwai mai jego. Gaisuwa ba ta rage digiri. In kun ga shara a ƙofar ɗakinku, tsintsiya ba ta tambayar matakin karatu. Janareta kuma, don Allah don Annabi, kada a tashe shi a cikin ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa. Hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya farka ba. Mu kuma mun yi alkawari, lokacin jarrabawa za mu ja kunnen yaranmu, mu rage ƙarar rediyo. In kuɗin abinci ya yanke kafin a turo daga gida, kada ka kwana da yunwa don kunya. Ƙwanƙwasa ƙofa ka ce Mama. Ba a rasa tuwo a gidan Bahaushiya, kuma ba a rasa shi a gidan kowace mace da ke cikin rumfar nan.

Shekara goma da suka wuce mun fara da adashi a ƙarƙashin bishiya, ba wadda ta yarda za a kai yau. Mun koyi riƙe amanar kuɗin juna. Yanzu saura mu koyi riƙe amanar ƙofar gidan juna, kafin hadarin bana ya haɗu.

Allah Ya jiƙan mambobinmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya raya abin da suka bari. Allah Ya ba yaranmu sa'ar karatu, na gida da na haya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da Samaru da Zazzau da ƙasarmu lafiya. Wadda muka ɓata wa rai a cikin maganar nan ta yafe mana, ba da nufi ba ne.